Shinkafa na caɓewa, wake kuma bai nuna ba: a taimaka min da shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema a kan dafa shinkafa da busasshen wake a tukunya ɗaya, abin ya fara damuna sosai. Wata huɗu ke nan da na fara girki a gidana. Da wake na gwangwani nake amfani, sai na ga gara in riƙa sayen busasshe tunda ya fi auki, amma sau biyar ke nan ina gwadawa bai taɓa yi min daidai ba.

Ga yadda nake yi. Ina auna wake kofi ɗaya, shinkafa kofi biyu. In wanke waken in ɗora, in ya tafasa kamar minti 20 sai in zuba markaɗaɗɗen tumatir da albasa da gishiri, sannan in zuba shinkafar. In na ɗanɗana na ji waken da saura sai in ƙara ruwa in juya, in sake ƙarawa in sake juyawa. Kafin in ankara ƙasan tukunya ya kama, shinkafar ta caɓe, waken kuwa garas-garas a baki. Jiya ina kallon maigida yana ture waken gefen faranti da cokali, ƙwaya-ƙwaya, bai ce komai ba har ya gama. Wallahi da ya yi magana ma da ya fi min sauƙi. Ragowar na rufe na bari a kan risho ta kwana, da safe na ɗumama.

To sai an jiƙa wake ne dole? Gishiri ne ke hana shi nuna kamar yadda na ji ana faɗa? Ruwa nawa ake sawa? Kuma me ake yi wa kumburin cikin da yake sawa? Allah ya saka da alheri.

Uwargida:

Wa alaikumussalam 'yata. Kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau yake, lokaci ne kawai kika haɗa wa abu biyu da ba sa tafiya tare. Farar shinkafa minti 15 zuwa 20 ta ishe ta. Busasshen wake kuwa, ko mai saurin nuna ne irin farin nan mai baƙin ido, yana cin minti 40 zuwa awa ɗaya, wasu nau'o'in ma har awa biyu. Kin ba shi minti 20 kika turo masa shinkafa. Daga nan duk ruwan da kika ƙara don wake, shinkafa ce ke shanyewa.

Abin da nake so ki riƙe: shinkafa ba ta shiga tukunya sai wake ya kusa gama nuna. Kada ki bi agogo a nan, bi hannunki. Ɗebo ƙwaya huɗu ko biyar daga wurare daban-daban a tukunyar, ki bari su ɗan huce, ki matse tsakanin babban yatsa da manuni. In ƙwayar ta tsage biyu, tsakiyarta fari fat kamar alli, da saura. In ta lotse ta baje amma kina jin ɗan ƙarfi kaɗan a ciki, to lokacin ne. Ɗan ƙarfin nan zai ƙarasa tare da shinkafa. Kada ki gwada ƙwaya ɗaya ki yanke hukunci, don wake ba ya nuna lokaci guda.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. In waken ya kai wannan matsayi, sauke shi ki tsane a kwando, ki tari ruwan a roba, kar ki zubar. Sai ki auna. Shinkafa kofi biyu, ruwan waken nan kofi uku da rabi, in bai kai ba ki cika da ruwan zafi. Mayar da wake da ruwan cikin tukunya, sa gishirinki da manki, in ya tafaso ki zuba wankakkiyar shinkafa, ki juya sau ɗaya tak, ki rufe, ki rage wuta can ƙasa. Minti 18 ba buɗewa. Sannan ki kashe ki bar ta a rufe minti 10 ta turara. Cokali mai yatsu za ki sa ki ɗaga ta a hankali, za ki ga ta yi wara-wara.

Juyawar nan da kike yi ki daina ta gaba ɗaya. Ludayi na farfasa ƙwayar shinkafa, sitacin ya fito ya kaurara ruwan, kaurin ya zauna a ƙasa ya ƙone. Shi ne ƙaurin da kike ji.

Maman Biyu:

Duk abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni dai abin da zan ƙara, gishirin nan ki bar shi sai ƙarshe. Haka na taso na ga ana yi, an ce yana ƙanƙame wake ya hana shi laushi.

Malamar kimiyyar abinci:

Maman Biyu, a yi min afuwa, a nan kam zan ɗan saɓa miki. Gishiri ya daɗe yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Mai laifin a tukunyar ƙanwarmu shi ne tumatir.

Bari in ɗan buɗe abin. Cikin ƙwayar wake akwai wani sinadari mai kama da danƙo da ake kira fektin, shi ke manne ƙananan ɗakunan ƙwayar da juna. Nunar wake ba komai ba ce illa narkewar wannan danƙo. Tsami yana hana shi narkewa. Don haka tumatir, lemun tsami, ko duk wani abu mai tsami, in ya shiga tun wake yana da tauri, to kin ɗaure shi, sai ki yi ta ƙona gas yana nan yadda yake. Ki bari sai ya yi laushi sannan tumatir ya shiga. In ma so samu ne ki soya tumatirinki da albasa a gefe, ki haɗa lokacin zuba shinkafa.

Gishiri kuwa taimako ma yake yi, musamman a ruwan jiƙo. Sodiyam ɗin da ke cikinsa yana ture kalsiyam da maganiziyam da ke ƙarfafa danƙon nan, sai ɓawon ya yi taushi, ƙwayar ta nuna bai ɗaya ba tare da ta fashe ba. Ni babban cokali ɗaya nake sawa a lita ɗaya na ruwa, in jiƙa awa 8 zuwa 12, in zubar, in ɗauraye, in dafa da sabon ruwa. Ki gwada rabi da gishiri rabi babu a rana ɗaya, Maman Biyu, za ki ba ni labari.

Abu biyu kuma da ke sa wake taurin kai ko an yi komai daidai. Na farko ruwa. In ruwanku irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa ne, mai barin farin ɓawo a cikin buta, to kalsiyam ya yi masa yawa, kuma zai jinkirta nunar wake. Na biyu tsufa. Waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yana canzawa daga ciki, danƙon ya ƙara ɗaurewa, har akwai wanda za ki dafa awa uku bai yi laushi ba. A ido ba lallai ki gane ba, amma in kin jiƙa ya kwana kika ga ƙwayoyi da yawa ba su kumbura ba, suna nan ƙanana masu tauri, wasu sun yamutse kawai, to tsoho ne. A irin wannan hali ɗan bekin soda yana ceto: kwatan ƙaramin cokali ga rabin kilo na wake, kada ya wuce haka. In ya yi yawa waken zai dagargaje, ya yi ɗanɗanon sabulu, kuma yana lalata bitamin B1 da ke ciki. Shi ya sa ban so a mai da shi na kullum.

Maman Biyu:

To Malama, na karɓa, zan gwada. Yanzu da na tuna ma, lokutan da wake ya ƙi min, da tumatir na haɗa gishirin na zuba tare.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku, wallahi har na ji sanyi a raina. Hajiya, na gane inda na kuskure. Anti Malama, jiƙon nan ne matsalata, sau da yawa sai da rana nake yanke abin da zan dafa. Sannan akwai jan wake manya masu siffar ƙoda da aka ba ni, ina tunanin in zuba su a tukunyar lantarkin nan mai dafa abu a hankali in bar su tun safe, ko hakan zai fi?

Ma'aikaciyar jinya:

Ƙanwata, tsaya tukuna, kada ki yi haka. Na ga saƙonki na ajiye abin da nake yi don in amsa.

Jan wake mai siffar ƙoda yana ɗauke da wani furotin daga dangin lektin wanda guba ne in bai dahu sosai ba. Ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa mutum tashin zuciya da amai mai tsanani cikin awa ɗaya zuwa uku, gudawa ta biyo baya. Tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi. Ita kuwa tukunyar nan mai dahuwa a hankali sau da yawa zafinta ba ya kaiwa digiri 100, wato zafin tafasar ruwa, sai waken ya yi laushi a baki alhali gubar tana nan. Shawarar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ita ce a jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan, a tafasa shi a sabon ruwa na minti 30. Tafasa fa ta gaske, ruwa na zaɓaɓɓaka, ba ɗumi-ɗumi ba. Bayan nan in kina so ki juye a tukunyar lantarkin ya ƙarasa, ba laifi. Na gwangwani ba ya cikin wannan magana, shi an riga an dafa shi.

Abu na biyu, wanda ya fi tsaya min a rai tun saƙonki na farko: ragowar da kika bari ta kwana a kan risho. Don Allah ki daina. Ɗanyar shinkafa na iya ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Basilus siriyus, wadda irinta ba ya mutuwa da dahuwa. In dafaffiyar shinkafa ta zauna tana hucewa a hankali awanni, sai su farfaɗo su hayayyafa su saki guba, kuma gubar da ke sa amai ba ta lalacewa da ɗumame. Ba wari, ba yauƙi, ba za ki ga alamar komai ba. Kin tsira wannan karon, alhamdulillahi. Nan gaba da an gama ci ki baza ragowar a faffaɗan mazubi marar zurfi ta huce da sauri, ta shiga firji cikin awa ɗaya, in ya yi yawa biyu. Washegari ki cinye, ki ɗumama har tururi ya ratsa ko'ina, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. In babu firji ko wuta ba ta zama, ki dafa daidai cikinku kawai. Balle in akwai yara ƙanana ko mai juna biyu a gidan.

Malamar kimiyyar abinci:

Sista ta gama magana a kan jan wake. Game da mantuwar jiƙo, akwai gajeriyar hanya: zuba waken a ruwa mai yawa, ya tafasa minti 2, kashe wuta, rufe, bar shi awa ɗaya. Zubar da ruwan ki dafa da sabo. Shi farin nan mai baƙin ido ɓawonsa siriri ne, ko ba jiƙo yana nuna, sai dai ki ƙara masa lokaci. Kuma in garin da zafi, jiƙon kwana a firji ake yinsa, in ba haka ba ki tashi ki tarar ya yi kumfa ya fara tsami.

Wani ɗan'uwa:

Salamu alaikum iyaye mata, a ba ni dama in sa baki, ni ma kullum ni ke dafa wa kaina saboda aiki ya raba ni da iyali. Abin da ya warware min wannan matsala shi ne na daina dafa wake don abinci ɗaya. Ranar hutu nake dafa kofi uku gaba ɗaya. Kofi ɗaya na busasshe yana ba da kofi biyu da rabi zuwa uku in ya dahu, don haka tukunya ɗaya tana ba ni na kwanaki. In sauke shi da ɗan sauran ƙarfi kamar yadda Hajiya ta kwatanta, in raba a ƙananan robobi, kowace da ɗan ruwan dahuwarsa, in sa a firiza. Ranar da na dawo a gajiye sai in juye roba ɗaya a tukunya, in auna ruwa, in zuba shinkafa. Cikin rabin awa na zauna cin abinci.

In kina da tukunyar matsi, mai huci ɗin nan, ta fi komai sauri, don zafin cikinta yana kaiwa wajen digiri 120. Jiƙaƙƙen wake minti 10 zuwa 15 ya nuna. Amma kada wake da ruwa su wuce rabin tukunyar, saboda yana kumfa, kumfar kuma tana iya toshe mafitar tururi. Cokali ɗaya na mai yana kwantar da ita. Ni a ciki wake kawai nake dafawa, shinkafar a tukunya ta daban nake haɗa su, na fi samun iko da ruwan.

Uwargida:

Madalla da wannan dabara, ɗana. 'Yata, na manta ban tambaye ki wace irin shinkafa kike dafawa ba, don awon da na ba ki na farar doguwa ce. In wadda aka turara tun a masana'anta ce, mai ɗan launin rawaya, tana son ruwa kofi biyu ga kowane kofi, da minti 20 zuwa 25, kuma ita ce ta fi haƙuri da mai koyo don ba ta saurin caɓewa. In basmati ce, jiƙa ta minti 20, kofi ɗaya da rabi na ruwa ga kowane kofi ya ishe ta. In kuwa mai ruwan ƙasa ce wadda ba a cire mata dusa ba, minti 40 zuwa 45 take ci, ita kam za ki iya zuba ta tun wake yana rabin nuna. Mai gajeriyar ƙwaya danƙo halinta ne, duk yadda kika yi sai ta manne, kar ki zargi kanki.

Ki wanke ta sau uku ko huɗu har ruwan ya daina fari sosai, garin sitacin da ke jikinta ne ke fita. Sannan ki duba murfin tukunyarki. In yana rawa tururi na tsere ta gefe, shimfiɗa takardar foyil ko tsaftataccen ƙyalle a bakin tukunyar kafin ki rufe, ki naɗe gefunan ƙyallen sama nesa da wuta. Kuma ranar da kika yi baƙi kika ninka shinkafa, kada ki ninka ruwa daidai wa daida. Ruwan da ke tashi a tururi kusan ɗaya ne ko tukunyar ta cika ko ba ta cika ba. Kofi huɗu na shinkafa, ruwa shida ko shida da rabi ya isa, ba bakwai ba.

In lokaci ya cika kika buɗe kika ga ƙananan ramuka a saman shinkafar, ba ruwa a ƙasa, amma ƙwayar da ɗan tauri, yayyafa ruwan zafi babban cokali uku kawai ki rufe minti 5. Yayyafi na ce, ba kwarara ba.

Ma'aikaciyar jinya:

Saura tambayarki ta kumburin ciki, na ga ba wanda ya taɓa ta. Wake na ɗauke da wasu nau'o'in sukari, rafinos da sitakiyos, waɗanda jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da su. Suna wucewa har babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su cinye su, su fitar da iska. Ba ciwo ba ne. Waɗannan sukari suna narkewa a ruwa, shi ya sa zubar da ruwan jiƙo ke rage su, ko da yake ba ya kawar da su duka. Waken da bai nuna ba ya fi wahalar da ciki, don haka ina kyautata zaton garas-garas ɗin nan na da hannu a abin da kuke ji. Ku fara da kaɗan, ku riƙa ci a kai a kai, yawancin mutane cikinsu na sabawa cikin 'yan makonni. Kada dai ki bar shi saboda wannan, haɗin nan abinci ne mai kyau ƙwarai: cikin sinadaran da ke gina furotin, wake na da laisin da shinkafa ke da ƙarancinsa, shinkafa na da metiyonin da wake ke da ƙarancinsa, sai furotin ɗin ya cika. Amma in kumburin ya zo da ciwo mai tsanani ko ya ƙi lafawa, a je a ga likita.

Maman Biyu:

Kuma ki tsince shi da kyau kafin wanki, ki baza a faranti a wuri mai haske. Tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata wa mutum cin abinci. Wanda ya taso saman ruwa ko mai huji ki kwashe. In kin sayo da yawa ki sa shi a firiza kamar mako ɗaya, ƙwari da ƙwansu su mutu, sannan ki juye a mazubi mai murfi gam ki ajiye inda ba zafi ba laima.

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, na dawo da labari. Daren jiya na jiƙa farin wake kofi ɗaya da gishiri na sa a firji. Yau na ɗora, a minti 25 na matsa na ga farin nan a tsakiya, na bar shi. A minti 35 huɗu cikin biyar suka lotse. Na tsane, na auna ruwan, kofi biyu da rabi ya rage, na cika zuwa uku da rabi. Tumatir a gefe na soya. Hajiya, hannuna ya kai kan murfin nan sau biyu na janye. Da na buɗe bayan ta turara, shinkafa wara-wara, waken na narkewa a baki, ɗan ƙanzo kaɗan ne kawai a tsakiyar tukunya inda wuta ke bugawa. Maigida ya ƙara, farantinsa ba ko ƙwaya ɗaya a gefe. Ragowar tuni tana firji, Sista. Jan waken kuma na ajiye shi sai ranar da nake gida in tsaya a kansa.

Ƙanzon nan fa, tukunyar ce ta yi sirara ko wutar ce har yanzu ta yi yawa? Risho nawa ko na kai shi ƙarshe bai cika raguwa ba.

Uwargida:

Alhamdulillahi, Allah ya yi miki albarka 'yata. Duka biyun ne. Kafin ki samu tukunya mai kaurin gindi, ɗora tsohon kaskon suya marar roba a hannu a kan wutar, ki ɗora tukunyar a kansa da zarar kin zuba shinkafa kin rufe. Zai raba zafin ya daina taruwa a tsakiya. Sai ki ƙara minti 3 a kan 18 ɗin.